Kundin Horo da Neman Aikin NP a Bronx, Birnin Niyok: Mayu zuwa Oktoba 2025

12 Mayu 2025

Yau na sauke kundin horona gaba ɗaya daga Typhon, manhajar da makarantarmu ke ajiye bayanan marasa lafiyar da ɗalibai suka duba. Kala biyu na sauke: mai zane-zanen jimla, da kuma ɗanyen da ake buɗewa a Excel, kowane mara lafiya da layinsa. Ɗanyen nake so. Aikin da na ɗora wa kaina daga yau har Allah Ya kawo aiki shi ne in mayar da wannan tarin layuka abin da mai ɗaukar aiki zai duba cikin minti biyu, ya gane abin da hannuna ya faɗa a kai, da abin da ban kai ga iyawa ba tukuna.

Ga 'yan uwa na gida da ba su saba jin NP (nurse practitioner) ba: nas ce da ta ƙara digiri na biyu ko na uku, hukuma ta ba ta ikon duba mara lafiya, gano cutarsa, tura shi gwaji, da rubuta masa magani. An fara wannan karatu a 1965 a Jami'ar Kolorado da ke Amurka, a hannun Loretta Ford da likitan yara Henry Silver. Ita Ford ɗin a Janairun bana ta rasu, tana da shekara 104. Ni ɓangaren iyali na karanta, FNP, daga jariri har tsoho.

Hukumomi biyu da ke ba da shaidar ƙwarewa a ɓangarenmu, AANPCB da ANCC, sun daɗe suna neman aƙalla sa'a 500 ta horon asibiti ƙarƙashin kulawa. A 2022 kwamitin ƙasa mai tsara ma'aunin karatun NP ya ɗaga adadin zuwa 750, makarantarmu kuma ta bi sabon. Ke nan duk wanda muka gama tare yana da 750 ko sama da haka kaɗan. Idan na rubuta wannan adadi a CV na tsaya, ban faɗa wa kowa komai ba sai cewa na gama makaranta.

Abin da ke bambanta ni da wata yana cikin layukan. Kowane layi yana ɗauke da shekarun mara lafiya, jinsi, irin inshorarsa, sabon zuwa ne ko mai dawowa, lambar cuta ta ICD-10, lambar aiki ta CPT, magungunan da aka rubuta, mintunan da na yi da shi, mintunan da na yi ina shawara da mai horar da ni, da kuma yawan abin da na yi da kaina. Tun a makarantar jinya a gida mun san littafin nan da sista mai kula da ɗaki ke sa wa hannu idan ka yi allura ko ka sa robar fitsari. Wancan da an ci jarrabawar majalisa ake jefa shi akwati. Wannan kuwa yana iya bin mutum har teburin ɗaukar aiki, in ya san yadda zai fito da shi.

19 Mayu 2025

Share-share nake yi kwanakin nan, kuma ba zan taɓa batun CV ba sai na gama.

Ƙa'idojin da aka fitar ƙarƙashin HIPAA, dokar Amurka ta 1996 mai kare sirrin marasa lafiya, sun lissafa abubuwa 18 da sai an cire su kafin a ce bayani ya daina nuna mai shi. Suna da lambar waya da lambar kati kowa ya sani, kuma da ma ba ma saka su a manhajar. Waɗanda ke kama ɗalibai su ne ƙananan: ranar zuwa asibiti, domin shekara kaɗai aka yarda ta tsaya, wata da rana su fita, wurin da bai kai girman jiha ba, da shekarun duk wanda ya wuce 89, sai a haɗa su wuri ɗaya a ce 90 zuwa sama. Sai kuma gurbin da muke rubuta ɗan bayani da hannu. Nan ne haɗarin ya fi yawa, saboda a gaggauce ake cika shi bayan an tashi daga aiki, kuma mutum kan rubuta abin da zai tuna masa da mara lafiyar.

Akwai abin da jerin 18 ɗin nan ba ya gani, wanda duk mai zama cikin jama'armu a Bronx zai gane. 'Yan Zango na Gana, 'yan Nijar, 'yan Najeriya, mutanen Togo, duk masallaci ɗaya, suna ɗaya, kasuwar Afirka ɗaya. Ko na cire duka 18 ɗin, in na bar shekarun mace da ƙasarta da adadin haihuwarta da irin cutarta a layi ɗaya, akwai wadda za ta karanta ta ce "ai wance ce". Amanar mara lafiya ba ta ƙare ranar da horo ya ƙare ba.

Saboda haka na yanke hukunci biyu. Ɗanyen kundin ba zai bar kwamfutata ba, ko da wani ofishi ya ce a turo. Jimla kawai za ta fita. Kuma duk cutar da na gani sau ɗaya ko biyu zan haɗa ta da danginta, ba za ta tsaya da sunanta ba.

27 Mayu 2025

Wannan ne gurbin da nake ganin ya fi duk sauran muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa.

Kowane layi yana da mataki ɗaya cikin huɗu: kallo kawai na yi, na taɓa amma mai horar da ni ta yi mafi yawa, mun raba daidai, ko ni na ja aikin. Da na tace kundin da wannan gurbi, sai hoton ya sauya. Zangon farko kusan duka kallo ne da ɗan taɓawa. Zangon tsakiya raba-daidai ya yi yawa. Sai a zangon ƙarshe ne mafi yawan layukan suka koma "ni na ja". In aka haɗa duka, abin da na ja da kaina bai wuce rabin kundin da yawa ba.

A zauren WhatsApp na ajinmu ana ta turo samfurin CV, kuma da yawa sun ɗauki jimlar layukansu sun rubuta cewa sun kula da marasa lafiya kaza. Ban yarda da wannan ba, kuma na faɗa a zauren. Wanda ka tsaya a kusurwa kana kallo ana duba shi ba ka kula da shi ba. Illar kuma ba ta tsaya kan ɗalibi ba. Shugabar asibiti da wannan adadi za ta auna nauyin da za ta ɗora maka. In ta gaskata, ta cika maka jadawali kowane minti 15 ko 20 tun makon farko, wa zai sha wahalar? Tsohuwar da ta zo da magani takwas a leda, kai kuma ba ka taɓa warware irin wannan kai kaɗai ba. Ban da haka, za a kira masu horar da kai a waya, kuma su sun san me ka yi.

Ko matakin "ni na ja" ɗin ma yana da iyaka da ya kamata a faɗa. Na ɗauki tarihi, na duba jiki, na tsara abin da za a yi, amma kullum sai na fita na gabatar, mai horar da ni ta amince ko ta gyara, ita ta sa hannu. Ban taɓa zama hannu na ƙarshe a kan ran mutum ba. Don haka kalmomin da zan yi amfani da su su ne na duba, na tsara, na gabatar. Ba zan rubuta na yanke ba.

Akwai wani gurbi da na gano yana magana fiye da yabon kai: mintunan shawara. Na jera su wata-wata, sai ga shi suna sauka a hankali. A farko nakan daɗe a ofishin mai horar da ni fiye da yadda nake daɗewa da mara lafiyar. Zuwa ƙarshe shawarar ta koma 'yan mintuna, alhali nauyin marasa lafiyar ƙaruwa ya yi. Ana ganin nauyin a lambobin CPT. Tun sauyin da aka yi a 2021, matakin ziyarar ofis ana auna shi ne da wahalar shawarar da aka yanke ko da lokacin da aka ɗauka. 99213 na mai dawowa ne da matsala mai sauƙi. 99214 na mai matsakaicin nauyi ne, irin mai ciwo biyu na dindindin da ake daidaita wa magani. Zangona na ƙarshe 99214 ya fi yawa. Duk manajan asibiti ya san ma'anar wannan lamba ko cikin barci, domin da ita ake biyan kuɗin haya da albashi.

Zane ɗaya ke nan zan fitar daga nan: layin mintunan shawara yana sauka, layin 99214 yana hawa.

9 Yuni 2025

Barkanmu da Sallah. Na dawo kan kundin, yau cututtuka na jera.

Na sama ba su ba ni mamaki ba: I10, hawan jini, dangin E11, ciwon suga na manya, E78.5, kitse a jini, Z00.129, duba lafiyar yaro na lokaci-lokaci, J06.9, mura da danginta; sai damuwa da fargaba, waɗanda takardun tambayoyi na PHQ-9 da GAD-7 suka riƙa tono su ga mutanen da ciwon kai ko rashin barci ya kawo. Kowace ɗalibar FNP tana da waɗannan.

Abin da ke ƙasansu ne nawa. Saboda asibitocin unguwa na yi mafi yawan horona, kundin cike yake da abubuwan baƙin haure. Gwajin ciwon hanta na B, wanda tun 2023 CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta ce a yi wa kowane baligi aƙalla sau ɗaya, amma ga wanda aka haifa a Afirka ta Yamma ya daɗe da zama dole. Tarin fuka mai kwanciya a jiki ba tare da alama ba, inda gwajin jini na IGRA ya fi na fata dacewa da mu da aka yi wa allurar BCG muna jarirai. Maganin rigakafin maleriya ga masu tafiya gida hutu. A Amurka ana samun masu maleriya kusan 2,000 a shekara, kusan dukansu matafiya, kuma da yawa irinmu ne masu cewa "ni da aka haifa cikin sauro", ba su san garkuwar nan tana gushewa bayan an daɗe a waje ba. Sai masu ɗauke da ƙwayar jinin sikila ko 'yar uwarta ta C, waɗanda wasu na'urorin gwajin HbA1c, awon matsakaicin suga na 'yan watanni, ke iya ba da sakamako mara daidai a kansu, har a ɗauka sugansu ya fi yadda yake kyau ko muni.

Inda kundin ya yi siriri ma a bayyane yake. Ɗinkin rauni kaɗan ne. Tsaga maruru na fi kallo. Karaya da ɗaurin filasta kusan babu. Awon ciki akwai amma bai yi kauri ba. Jarirai 'yan ƙasa da wata biyu ƙalilan ne.

Ban zaci haka ba, amma kundin ya zaɓa mini inda zan nema kafin in zaɓa. Cibiyoyin lafiya na unguwa da gwamnatin tarayya ke tallafa wa, FQHC, su ne wurina. Kowace shekara suna kai wa hukumar HRSA, wadda ke tallafa musu, rahoto, kuma cikin abin da ake auna su da shi akwai yawan masu hawan jinin da awonsu ya sauka ƙasa da 140 kan 90, da yawan masu sugan da HbA1c ɗinsu ya haura 9. Abin da ke hana su barci shi ne abin da na fi yi.

24 Yuni 2025

Na ajiye komai saboda jarrabawa. Ta AANPCB na zaɓa: tambaya 150 cikin sa'a uku, 135 ake ƙirgawa, 15 na gwaji ne. Ta ANCC tambaya 175 ce. Kundin ya yi mini amfani ko a nan, domin wuraren da ya yi siriri su na ba mafi yawan lokacin bita: jarirai, masu ciki, ƙashi da gaɓoɓi. A sa ni a addu'a.

8 Yuli 2025

Alhamdulillahi, na ci. Yanzu FNP-C, alamar shaidar ƙwarewa, na bin sunana.

Na kai wa wata yayata a aiki zubin farko na CV. 'Yar Kumasi ce, ta fi shekara goma tana NP, kuma tana cikin masu zama a ganawar ɗaukar aiki a wurinsu. Ta karanta a tsaye, ta miƙo mini.

"Ƙanwata, ina shekarunki na nas?"

Na ce suna shafi na biyu.

"To ki dawo da su gaba. Ke kin ɗauka tunda NP kike nema, sai abin NP za ki nuna. Wanda ya yi dare a ɗakin marasa lafiya shekara da shekaru ya san fuskar mai shirin tafiya kafin na'ura ta yi ƙara. Wannan ba a koyar da shi a sa'a 750."

Na ce, "Yaya, har na gida?"

"Har na gida. Ki rubuta ƙasa da shekaru da irin ɗakin. Amma kada ki haɗa su da horon NP a buhu ɗaya. Kowa da gidansa."

Wannan shawara ta dace da abin da nake son yi tun farko. CV ɗin yanzu hawa uku ne. Lasisi da shaida a sama. Sai horon NP, da take mai faɗin cewa horon ɗaliba ne ƙarƙashin kulawa, kowane zango da irin asibitin, sa'o'insa, shekarun marasa lafiyar, da manhajar da na yi rubutu a ciki, Epic a wuri ɗaya, eClinicalWorks a sauran. Sai aikin nas, na nan da na gida. Horon ɗaliba bai shiga ƙarƙashin "ayyukan da na yi" ba, domin ba aiki ba ne, kuma ofishin tantancewa zai gane hakan da kallo ɗaya.

Sai takarda guda daban, shafi ɗaya tak, wadda ita ce 'yar wannan aiki duka. A sama jimlar marasa lafiya an raba ta matakai huɗun nan. A tsakiya cututtuka goma da suka fi yawa cikin waɗanda na ja da kaina kaɗai. A gefe zanen mintunan shawara da 99214. A ƙasa ayyukan hannu, gida uku: na kalla, na taimaka, na yi. Gwajin bakin mahaifa da karanta EKG (awon bugun zuciya) da duba ƙafar mai suga suna gida na uku. Ɗinki da tsaga maruru suna na farko da na biyu, kuma na bar su a nan kowa ya gani.

Yayar tawa ta so in cire wannan gida na farko, ta ce ba a tallan abin da ba a iya ba. Mun ɗan ja a kai. Ra'ayina shi ne sabuwar NP da ba ta nuna iyakarta ba ta fi ba da tsoro, kuma na bar shi.

21 Yuli 2025

Takardu. A jihar Niyok ma'aikatar ilimi ce ke ba NP shaidar fara aiki, a kan lasisin nas da mutum ke da shi. Na tura nema. Lambar NPI, lambar shaidar ma'aikacin lafiya ta ƙasa, ina da ita, kyauta ake samu, sai dai in sabunta bayanin matsayina. Rajistar DEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, domin rubuta magungunan da aka taƙaita, dala 888 ce na shekara uku, kuma tun Yunin 2023 sai an nuna horon sa'a takwas kan masu fama da shaye-shaye. Zan jira in ga ko wurin aiki zai biya.

Abu ɗaya da ya shafi neman aikin kai tsaye: a Niyok, NP da ba ta cika sa'a 3,600 tana aiki ba dole ta kasance da rubutacciyar yarjejeniya da likita, kuma likitan ya riƙa duba wasu daga rubuce-rubucenta aƙalla kowane wata uku. Kusan shekara biyu ke nan na cikakken aiki, kuma sa'o'in ɗalibta ba sa cikin lissafin. Ke nan duk inda na nema, akwai likitan da zai sa sunansa kusa da nawa. Shi ma mai karanta shafin nan ne, kuma shi ya fi kowa buƙatar gaskiyar abin da ke ciki.

Na tura wa masu horar da ni shafin tun kafin in ba da sunayensu, kowace ta ga ɓangarenta. Ɗaya ta ce in ƙara allurar rigakafin yara, tunda na tsara jadawalin cike giɓi ga yaran da suka zo daga waje da katin da bai cika ba. Na ƙara.

5 Agusta 2025

Ganawa ta farko, a wata cibiyar unguwa. Shugabar likitoci da manaja da wata NP. Na raba musu shafin. Manaja zanen ya tsaya kallo. Shugabar kuwa ta sa yatsa kan layin ciwon suga ta ce in ba ta labarin mutum ɗaya daga ciki, da abin da na kawo, da abin da aka gyara mini.

Na shirya wa wannan. Daga kowace babbar cuta na ware mutum ɗaya da zan iya ba da labarinsa ba tare da an gane shi ba. Azumin bana ya faɗo a Maris, daidai zangona na ƙarshe, don haka na kawo dattijon da ke shan metformin da glipizide safe da yamma, ya ce shi fa azuminsa ba zai sha ba. Likitoci da yawa a nan amsarsu gajeriya ce, kada ka yi. Mutumin sai ya ce to, ya tafi gida ya yi azuminsa a ɓoye, yana shan maganin yadda ya ga dama. Wannan ya fi haɗari.

Na bi jagorar da Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya da ƙawancen DAR mai nazarin ciwon suga da azumin Ramadan suka fitar, wadda aka sabunta a 2021. Na auna haɗarinsa: ko sugansa ya taɓa faɗuwa kwanan nan, yaya ƙodarsa, wane irin aiki yake yi da rana. Na kawo shawarar a mayar da shan magani lokacin buɗa-baki da sahur, a rage glipizide na sahur tunda shi ne mai iya kayar da suga da tsakar rana. Na gaya masa ya riƙa auna jininsa, cewa malamai da dama sun ce tsira yatsa ba ya karya azumi, kuma in awon ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 ya sha ruwa nan take, rangwamen mara lafiya yana nan cikin Baƙara. Da Hausa muka yi maganar, kuma sai a lokacin ya faɗi cewa bara ya taɓa yin jiri har ya zauna a bakin titi, abin da bai taɓa gaya wa tafintan waya ba.

Wannan bayanin ne ya sa mai horar da ni ta gyara tsarina. Ta ce ragewa kaɗai ba ta isa ba, a cire glipizide na sahur gaba ɗaya, a dawo da shi asibiti bayan mako guda da takardar awonsa. Na faɗa wa shugabar haka dalla-dalla, wane ɓangare nawa, wane nata.

Ta yi rubutu, ta tambaye ni ko zan yarda a gwada Hausata da Faransancina kaɗan da nake ji kafin a bar ni in duba mutane ba tafinta. Na ce da Hausa a gwada. Faransancin bai kai na asibiti ba.

18 Agusta 2025

Ganawa ta biyu, a wani asibitin sha-yanzu na unguwa, irin waɗanda ake shiga ba alƙawari. Albashin ya fi na farko. Mai ganawar kai tsaye ƙasan shafin ya tafi, ya ga ɗinki da filasta, ya ce ba komai, za a koya a kan aiki. Na tambayi wa zai kasance tare da ni a ginin. Ya ce bayan makonni biyu na farko, yawanci NP ɗaya ce a wurin, likita kuma ta waya.

Na gode masa, washegari na rubuta na janye. Wurin da yaro zai shigo da tsagaggen leɓe, ko magini da ƙusa a tafin hannu, ni kaɗai, da wannan gida na farko a shafina, kuɗin bai isa ya sa in karɓa ba. Bayan shekara biyu ko uku wataƙila.

2 Satumba 2025

Cibiyar farko ta kira, sun ba ni aikin. Alhamdulillahi.

Abin da muka fi daɗewa a kai a waya shi ne yadda za a fara, kuma a nan shafin ya sake aiki. Tun 2007, lokacin da Margaret Flinter ta buɗe horon shekara guda na sababbin NP a wata cibiyar unguwa a Connecticut, wurare da dama sun ɗauki wani abu daga tsarin ko da ba su da cikakkensa. Wannan cibiya tana farawa da mara lafiya ɗaya a sa'a, a riƙa ƙarawa a hankali cikin watanni. Shugabar ta ce tunda manya masu ciwon dindindin ne ƙarfina, da su za a fara cika jadawalina. Rabin yini a mako kuma zan zauna da likitar yara saboda jarirai, wani rabin da ungozoma saboda awon ciki. Daga giɓin da na nuna ta tsara wannan. Za su biya DEA. Na nemi a rubuta duka cikin takardar ɗauka, an rubuta.

13 Oktoba 2025

Tantancewa aba ce mai cin lokaci. Na cika bayanaina a CAQH, inda kamfanonin inshora ke ɗauka. Rajistar Medicare, inshorar gwamnati ta tsofaffi, na tafiya. Su kashi 85 cikin ɗari na kuɗin likita suke biya idan NP ta duba mutum da sunanta, kuma ba sa karɓar sabuwar NP sai da shaidar ƙasa, don haka jarrabawar Yuni ta biya kuɗinta. Yarjejeniya da likitan da zan yi aiki tare da shi mun sa hannu.

Makon jiya aka turo fom ɗin izinin ayyukan hannu, dogon jeri, kowane aiki da akwatinsa, a zaɓi wanda ake nema a kawo hujja. Na buɗe shafina kusa da shi. Gwajin bakin mahaifa, EKG, wanke kunne, duba ƙafar mai suga, na nema kai tsaye, da adadin da na yi da sa hannun masu horar da ni. Ɗinki da tsaga maruru na nema da sharaɗin a tsaya a kaina har a gamsu. Robar mahaifa da allurar gaɓa ban taɓa akwatinsu ba. Ashanar hannu ta tsarin iyali, Nexplanon, ba a sa ta sai an yi horon kamfanin da ke yin ta, don haka na yi rajistar zaman Disamba.

Ma'aikaciyar ofishin ta nemi in turo kundin gaba ɗaya a matsayin hujja. Na bayyana mata dalilin da ba zan turo ɗanyen ba, na aika rahoton jimlar ayyukan hannu da manhajar ke fitarwa tare da wasiƙar makaranta, kwamitin ya karɓa.

DEA ce ta rage. Ranar 3 ga Nuwamba zan fara, ƙarfe takwas da rabi, kuma manaja ta ce akwai dattawa masu jin Hausa kaɗai da aka riga aka mayar jadawalina, don haka kafin nan zan fassara takardar awon suga ta cibiyar in kai a duba.